Filin Tambayoyin Masu Karatu: Waƙar Eminem da Rihanna, ta soyayya ce ko ta dukan mata?

A wannan fitowar mun ware filin gaba ɗaya domin waƙa guda, saboda wasiƙun da suka iso mana sun taru a kanta, wato Love the Way You Lie, wadda mawaƙin gambara ɗan Amurka, Eminem, ya yi tare da Rihanna, 'yar asalin tsibirin Barbados, a shekarar 2010. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so a yi mini bayanin yadda aka yi wannan waƙa. Shin su biyun ne suka zauna suka tsara ta, kuma gaskiya ne akwai soyayya tsakaninsu a lokacin? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Alaƙarsu ta sana'a ce kawai, kuma ko a ɗakin ɗaukar murya ɗaya ba su haɗu ba lokacin da ake aikin. Wanda ya haɗa kiɗan wani matashi ne haifaffen Landan mai suna Alexander Grant, wanda aka fi sani da laƙabin "Alex da Kid". Amshin kuwa, wanda shi ne ya ɗaukaka waƙar, wata mawaƙiya ce mai suna Holly Hafermann ta rubuta shi, wadda daga baya ta shahara da sunan Skylar Grey. A lokacin harkar waƙa ta juya mata baya, kuɗi sun ƙare, ta tattara ta koma wani ɗan gidan katako a cikin dajin jihar Oregon, kuma a can ne kiɗan ya iske ta ta intanet, ta rubuta amshin, ta rera shi da muryarta, ta mayar. Ta sha faɗa a hirarraki cewa abin da ke ranta sa'ad da take rubutun shi ne yadda masana'antar waƙa take wulaƙanta ta amma ta kasa rabuwa da ita.

Da kiɗan da amshin suka isa hannun Eminem, sai ya ɗora baitoci uku a kai, ya karkatar da maganar zuwa ga zaman mace da namiji da duka ya shiga tsakaninsu. Shi ne kuma ya nemi a kira Rihanna ta rera amshin. An ɗauki muryarsa a garin Ferndale da ke kusa da Detroit a jihar Michigan, ita kuma an ɗauki tata a Dublin, babban birnin Ireland, domin tana cikin rangadin wasanni a Turai, daga nan injiniyoyin sauti suka haɗa muryoyin. Waƙar ta fito a cikin kundinsa mai suna Recovery a watan Yunin 2010, kundin da ya yi bayan ya rabu da shan ƙwayoyin da suka kusa hallaka shi a ƙarshen 2007.

Zaɓen Rihanna ba don daɗin murya kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2009, a daren da za a wayi gari a yi bikin Grammy, wato babban bikin ba mawaƙa lambobin yabo a Amurka, saurayinta na lokacin, mawaƙi Chris Brown, ya lakaɗa mata duka a cikin mota a Los Angeles, hoton fuskarta a kumbure ya bazu a duniya, shi kuma ya amsa laifinsa a kotu aka yanke masa ɗaurin talala na shekara 5. Eminem ma zamansa da Kim Scott ya yi ƙaurin suna wajen rikici: sun yi aure a 1999, suka rabu a 2001, suka mayar da auren a 2006, ya sake mutuwa a cikin shekarar. Saboda haka duk wanda ya ji waƙar a Amurka ya san tarihin da kowannensu ya shigo da shi. Rihanna da kanta ta ce abu ne da su biyun suka taɓa gani, kowa daga nasa ɓangaren.

Tambaya: Malam, ƙannena mata suna yawan rera amshin wannan waƙa, suna sa ta a wayoyinsu a matsayin waƙar soyayya, amma wata ƙawata ta ce mini dukan mata ake yabo a ciki. Mene ne gaskiyar magana? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk waɗanda muka samu, kuma ƙawarki ta fi ƙannenki kusa da gaskiya, ko da yake kalmar yabo ta yi nauyi. Bari mu bi abin da ake faɗa a cikin waƙar daki-daki.

Eminem yana magana ne da bakin namijin da ke dukan matar da yake so. A baitin farko yana kwatanta son da yake mata da abin da ya shaƙe masa wuya har ba ya iya numfashi, ta ce za ta tafi, ya hana ta, ya ɗaga mata hannu, sannan kunya ta kama shi ya ce ba zai sake ba, yana kafa hujja da cewa bai san ƙarfin hannunsa ba. A baiti na biyu yana tuna farkon haɗuwarsu, lokacin da ya rantse ba zai taɓa cutar da ita ba, ga shi yanzu ana cacar baki fuska da fuska, ana ture-ture da jan gashi da yaƙushi. A baiti na uku ta riga ta fitar da kayanta bakin titi, yana roƙonta ta kwashe su ta dawo ciki, yana cewa laifinsa ne, in ransa ya sake ɓaci bango zai nausa. Duk wanda ya taɓa ganin mace ta yi yaji, miji ya bi ta biko da rantse-rantse da marairaicewa a gaban iyayenta, ya san irin wannan murya. Sai dai a layukan ƙarshe ya tona asirin kansa: ya ce ya san haƙurin da yake ba ta ƙarya ne, burinsa kawai ta dawo, kuma in ta sake yunƙurin tafiya zai ɗaure ta a jikin gado ya cinna wa gidan wuta. Da wannan barazana ta kisa baitocinsa suka ƙare.

Amshin da ƙannenki suke rerawa martanin macen ne. Ma'anarsa ita ce zai tsaya yana kallonta tana ƙonewa, yana jin kukanta, amma ba komai, domin tana son zafin kuma tana son ƙaryar da yake yi mata.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana wannan yanayi. Tun a 1979 wata masaniya 'yar Amurka, Lenore Walker, ta nuna cewa cin zarafi a cikin gida yakan riƙa zagayawa ne: zaman ɗar-ɗar ya taru, duka ya biyo baya, sannan a shiga lokacin lallashi da kyaututtuka da alkawura, wanda shi ne yake riƙe mace ta kasa tafiya, kafin a sake komawa farko. Ta wannan fuska baitocin Eminem sun faɗi gaskiya, kuma a ganina ƙarfinsu yana cikin yadda aka bar mai dukan ya furta da bakinsa cewa tubansa na ƙarya ne, abin da matan da ke cikin irin wannan hali sukan ɗauki shekaru kafin su yarda da shi.

Inda nake da ja da waƙar shi ne rabon magana. Namijin ya samu baitoci uku yana bayyana fushinsa da nadamarsa da hujjojinsa, har da cewa ita ma zuciyarta ta kai tasa zafi, wanda hanya ce ta raba laifi biyu. Macen kuwa 'yan layuka aka ba ta, ana maimaita su, kuma duk abin da suke cewa shi ne ta amince. Ga shi kuma a cikin kowace waƙa amshi ne yake tafiya nesa. Baitocin suna da sauri, cike da karin maganar titunan Amurka da ko mai digiri a Turanci sai ya natsu kafin ya kama, amshin kuwa a hankali yake, da fiyano mai sanyi da murya mai ratsa zuciya. Yarinyar da ke Maraɗi ko Katsina amshin za ta haddace, ba za ta taɓa isa ga maganar gado da wuta ba. Abin da ya rage mata a baki shi ne mace tana cewa tana son zafin da ake gana mata, a cikin al'ummar da dama abin da aka fi gaya wa matar da ta zo gida da kumburarren ido shi ne ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Shawarata ita ce kada ki tsaya ga hana su ji, domin hani ba ya cire waƙa daga waya. Ki zaunar da su ki fassara musu baiti na uku tun daga farkonsa har ƙarshe, sannan ki tambaye su ko har yanzu suna jin ta a matsayin waƙar masoya.

Tambaya: Su wane ne mace da namijin da suka fito a bidiyon, kuma me ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Macen ita ce Megan Fox, wadda ta yi suna a finafinan Transformers, namijin kuma Dominic Monaghan, wanda masu kallo suka sani a The Lord of the Rings da shirin talabijin na Lost. Daraktan shi ne Joseph Kahn, wanda ya taɓa yi wa Eminem bidiyo biyu kafin wannan. An ɗauki aikin a Los Angeles a watan Yulin 2010, aka sake shi ranar 5 ga Agusta, kuma a cikin awa 24 an kalle shi sau miliyan 6.6 a YouTube, adadin da ya kafa tarihi a lokacin.

Labarin da ke cikin bidiyon ya fara da Fox da Monaghan suna kwance suna barci. Ta farka ta ga lambar wayar wata mace a rubuce a hannunsa, faɗa ya kaure, ta tofa masa yawu a fuska, ya matse ta a jikin bango ya kai naushi, hannunsa ya huda bangon dab da kanta, kuma kafin mai kallo ya gama razana sun koma rungumar juna. Ana nuna shi yana dukan wani mutum a mashaya saboda kishi, ana nuna su suna shan giya a saman rufi cikin annashuwa. A tsakanin waɗannan ana ganin Rihanna tana rera amshi a gaban gida yana ci da wuta, Eminem kuma shi kaɗai a tsakiyar fili mai busasshiyar ciyawa. A ƙarshe wuta ta kama su, sannan hoton ya koma kan gadon da aka fara, alamar cewa gobe ma haka za a sake.

Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu masu aiki da matan da aka ci zarafinsu sun ce ya buɗe ƙofar tattaunawa da matasa a kan abin da ake ɓoyewa, musamman da yake Rihanna ce a ciki. Megan Fox ta ba da kuɗin da aka biya ta ga Sojourn, wata cibiya da ke ba irin waɗannan mata mafaka. A ɗaya ɓangaren, Terry O'Neill, shugabar babbar ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Amurka a lokacin, ta ce ko da ba da niyya ba, aikin yana ƙawata cin zarafi.

Ni a nan na fi karkata ga masu suka, fiye ma da yadda na yi a kan waƙar. An ɗauko kyawawan 'yan fim biyu, an haska su da haske mai launin zinariya, an sa kowane faɗa ya ƙare da shauƙi, ta yadda dukan ya zama kamar wani ɓangare na zafin so. Naushin ya sauka a bango, ba a fuskarta ba, don haka ba a ga tsagaggen leɓe ko karyayyen haƙori ba, ba a ga yaro ya maƙale a bayan ƙofa yana kuka ba, ba a ga asibiti ko ofishin 'yan sanda ba. An kuma nuna ita ce ta fara kai hannu, wanda ya ƙara ƙarfafa tunanin cewa duk su biyun ne masu laifi daidai wa daida. Hoton fuskar Rihanna na 2009 ya nuna yadda duka yake a zahiri, kuma babu ko daƙiƙa ɗaya a bidiyon da ta yi kama da shi.

Tambaya: Waƙar ta ci lambar yabo ta Grammy kuwa, kuma sun sake yin wata tare? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: A kasuwa ta yi nasara ƙwarai, Malama. Ta yi mako 7 a jere tana ta ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a Birtaniya kuma, duk da cewa ba ta wuce ta biyu ba, ita ce waƙar da aka fi saye a 2010. Amma a bikin Grammy na Fabrairun 2011 an sa ta takara a rukuni 5 ba ta ci ko ɗaya ba. Lambobin gambara biyu da ta nema sun tafi ga Jay-Z da Alicia Keys, shi kuwa Eminem ya samu ta kundin gambara mafi kyau da Recovery.

Sun ci gaba da aiki tare. A watan Nuwamban 2010 Rihanna ta fitar da kashi na biyu na waƙar a kundinta mai suna Loud, inda aka juya rabon maganar, ita ta ɗauki mafi yawan baitocin tana bayyana abin da macen take ji, shi kuma ya zo da baiti ɗaya. Wannan kashin ya fi kusa da abin da Skylar Grey ta rubuta tun farko, sai dai bai yi ko kusa da farin jinin na farkon ba. Sun sake haɗuwa a waƙar Numb a 2012, sannan a The Monster a 2013, wadda ita ma ta hau matsayi na ɗaya a Amurka kuma ta samo musu Grammy a 2015. A watan Agustan 2014 sun yi wasanni 6 tare a manyan filaye uku, na ƙarshe a Detroit, garin da Eminem ya tashi.