Idan ssh ta ce ba ta san sunan ba

Yarona, ka ce da ka buga ssh, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, da sunan sabar ofis sai ta rubuto maka "Could not resolve hostname", kana tambaya ko ka sake ɗora SSH a kan sabar. Kar ka taɓa ta. Kiran naka bai ma isa gare ta ba. Kwamfutarka ce ke faɗa maka ba ta san lambar IP ɗin mai wannan sunan ba.

Fara gwadawa da lambar kai tsaye, a ce 192.168.1.20. In ka shiga, to waya da rauta da ƙofa ta 22 duk lafiya suke, suna kaɗai za ka bi. In lambar ma ta ƙi, wannan wani ciwon ne daban.

Sai ka buga getent hosts da sunan. Na san hannunka zai fi saurin zuwa nslookup, amma shi da dig DNS, wato sabar da ke mayar da suna lamba, suke tambaya kai tsaye, ba sa leƙa /etc/hosts, fayil ɗin sunaye da lambobi na kwamfutarka, don haka sai su ruɗa ka. Shi getent hanyar da ssh ke bi yake bi, wato jerin da ke layin hosts a cikin /etc/nsswitch.conf: fayil tukuna, sannan DNS. Daga nan duba wace sabar DNS ake tambaya. Sau da yawa za ka tarar wani ya cusa 8.8.8.8, DNS ɗin Google, wai don intanet ta yi sauri. To ina Google ta san sabar ofishinku? Kamar ka je Legas ne kana cigiyar gidan mai unguwarku.

In kwamfutocin uku ne ko huɗu, rubuta lamba da suna a /etc/hosts na kowacce, an wuce wurin. Sai dai akwai tarko, kuma nan yara ke faɗawa. Rauta aron lamba take bayarwa ta DHCP. A ɗauke wuta a dawo da ita, tana iya ba sabar wata lambar, tsohuwar kuma ta faɗa hannun wata na'urar. Ranar nan ssh za ta cika maka allo da gargaɗi cewa makullin sabar ya canja. Kar ka yi gaggawar goge known_hosts, fayil ɗin da ssh ke ajiye makullan sabar da ta sani, fara tabbatar da ƙofar wa kake ƙwanƙwasawa. Maganin abin shi ne ka shiga rauta ka ɗaure lambar da adireshin MAC na sabar, wato lambar shaidar katin sadarwarta, kafin ma ka rubuta komai a fayil.

Akwai kuma ƙara .local a ƙarshen sunan, in avahi, manhajar da ke shelar sunan na'ura ga maƙwabtanta, na gudana. Yana da daɗi, amma ba ya tsallake rauta, kuma Wi-Fi ɗin baƙi kan toshe shi, shi ya sa ni ba na jingina aikin ofis da shi.

In kuwa sunan ya yi aiki amma sai ka daɗe kafin a nemi kalmar sirri, leƙa UseDNS a sshd_config, fayil ɗin saitin SSH na kan sabar. Tun OpenSSH 6.8 na 2015 a kashe yake zuwa, amma a tsofaffin saba za ka iya samun sa a kunne. Mayar da shi no, ka sake tayar da sshd.