Tsutsa a Kan Ragon Layya: Daga Ina Ta Fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ragon da na kiwata wata bakwai muka yi layya da shi bana. Da aka ɗora kan a wuta za a babbake, sai ga tsutsotsi uku ƙatti, farare masu ratsin baƙi, suna fitowa ta hanci. Uwar mijina ta ce ƙwaƙwalwarsa suke ci, a zubar da kan. Dama ya daɗe yana atishawa da majina. Ina da sauran tumaki huɗu. Mece ce wannan, kuma yaya zan yi da su?
Daga wata uwargida a Gumel

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa ba a riga an zubar da kan nan ba, don babu abin da ya same shi. A fasa, a wanke kogon hanci tas, a yi farfesu. A ba Mama haƙuri, amma ba ƙwaƙwalwa tsutsar nan take ci ba. Mazauninta hanci ne da kogunan ƙashin goshi, cimarta kuwa majina.

'Ya'yan wani ƙuda ne da masana ke kira Oestrus ovis, sunan da Linnaeus, masanin nan na ƙasar Siwidin, ya raɗa masa a 1758. Danginsa su ne Oestridae, ƙudajen da 'ya'yansu ba sa girma sai a jikin dabba. Yana da 'yan'uwa a nan kusa: Cephalopina titillator ta raƙumi, wadda mahautan raƙuma suka sani sarai, da Rhinoestrus purpureus ta doki da jaki. Duk inda ake kiwon tumaki a duniya yana nan, ya fi dai yawa a ƙasashe masu zafi da bushewa irin namu da gaɓar Bahar Rum. Yana shiga awaki ma.

Ƙudan kansa da wuya ki gan shi. Ruwan toka ne mai ɗigo-ɗigo, tsawonsa kamar santimita 1, yana lafewa a jikin katanga ko danga da safe, sai rana ta take ya tashi. Bakinsa bai da amfani, ba ya ci ba ya cizo, 'yan makonni kawai yake yi a duniya. Macen ba ƙwai take sakawa ba. A cikinta suke ƙyanƙyashewa, sai ta wuce fuu ta gaban hancin tunkiya ta fesa 'yan tsutsotsi masu rai, kowace ba ta wuce milimita 1 ba. Mace ɗaya na iya zubar da kusan 500 kafin ta mutu.

Ina yaro, in muka kai tumaki kiwo, da azahar sai in ga sun cure wuri guda, kowace ta cusa hanci a ƙasa ko a ƙarƙashin 'yar'uwarta, suna buga ƙafa suna fyace hanci. Na ɗauka rana ce ta dame su. Sai da na yi karatu na gane ashe ɓoye hanci suke yi, ni kuwa ina ta korarsu da sanda su je su ci ciyawa.

Da zarar tsutsar ta shiga, sai ta maƙale da wasu ƙugiyoyi biyu na bakinta, ta riƙa hawa sama. Ƙaiƙayin nan ne ke jawo atishawa da majinar da kika gani. Takan yi wata ɗaya, in kuma yanayin waje bai yi mata ba ta yi zamanta har kusan wata goma. In ta ƙosa, ta haura santimita 2, sai tunkiya ta yi atishawa ta faɗo, ta nutse cikin ƙasa, fatarta ta ƙandare ta yi baƙi, bayan 'yan makonni sabon ƙuda ya fito. Naki uku ɗin nan sun kusa saukowa ke nan wuta ta riga su.

Ba kasafai take kisa ba, sai dai tana hana dabba sakewa ta ci, ta rame. Ga mai kiwon riba wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ki kira ma'aikacin dabbobi ya duba huɗun nan. Maganin ivermectin na kashe tsutsar, haka na closantel, amma shi zai auna gwargwadon nauyin kowace, kar ki saya a kasuwa ki yi da ka. Ki tambaye shi kuma kwana nawa za a jira kafin yanka ko shan nono. In kin ga wata tana juyi wuri ɗaya kamar mai hajijiya, ki faɗa masa, don wannan sau da yawa wata cuta ce dabam da ake ɗauka daga kashin kare.

Yaran da ke kai su kiwo kuma ki ja musu kunne. Ƙudan yakan yi kuskure ya fesa tsutsar a idon mutum, a ji kamar tsakuwa ta faɗa, ido ya yi ja ya kama hawaye. Ba ta girma a jikinmu, amma kar a murza, kar a ɗiga komai. A wuce asibiti a ciro su.