Tambaya da Amsa: Kaɗaici a Karatu ta Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri ta intanet, shekara ta biyu ke nan. An sa ni a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, mun haura ɗari huɗu, amma ban san kowa ba. In na yi tambaya sai ta nutse cikin gaishe-gaishe da tallan atamfa. Zuciyata ta fara raya mini in ajiye karatun. Ina mafita?
Wata ɗaliba daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Don Allah kada ki ajiye. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma zauren da ya kai ɗari huɗu kasuwa ya zama. Ki bar shi don sanarwar jarrabawa da ranar miƙa aiki, ki kafa naki ƙarami.

Ki yi mako guda kina lura da masu amsa tambayar karatu a babban zauren. Ki zaɓi huɗu, ki tura wa kowa saƙo shi kaɗai, ki faɗi darasin da kike son ku riƙa bita tare. In kin fi sakewa da mata zalla, ki nemi mata. Ku tsaya a biyar. Idan ku uku ne, ranar da ɗaya ta yi baƙi zama ya watse. Idan kun wuce shida, mutum biyu za su kwashe maganar, saura su koma 'yan kallo.

Sai lokaci, wanda shi ne ƙashin bayan abin. Ku tsayar da rana biyu a mako, misali Talata da Asabar bayan sallar Isha'i, kada ku riƙa cewa "sai mun samu sarari". Ki sanar da mutanen gida cewa wannan lokacin na aji ne. Minti 40 ya isa, dama Zoom na kyauta a nan yake katsewa. Google Meet yana ba da awa guda, kiran WhatsApp kuwa yana ɗaukar har mutum 32. Ku buɗe kyamara minti biyar na farko ku gaisa, ku ga fuskar juna, sannan ku rufe ku ci gaba da murya. Bidiyo na iya lashe wajen giga ɗaya na data a awa, murya kuwa kaɗan take ci, kuma ba ta cika yankewa ba idan sabis ya yi rauni.

Kada ku shiga hannu rabbana. Kowa ya ɗauki babi ɗaya tun kafin ranar, ya yi bayaninsa cikin minti biyar, ya zo da tambaya ɗaya da ta shige masa duhu. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa.

Inda irin wannan haɗuwa ta fi mutuwa shi ne ranar da wani ya yi fashi ba wanda ya neme shi. Ya ga ba a damu ba, sai ya ƙara, na biyu ya bi sahu. Don haka duk wanda bai zo ba, mai jagorancin ranar ya kira shi a daren, ya kuma tura masa taƙaitaccen bayani ta saƙon murya na minti uku. Abu na biyu, kada zaman ya koma wurin kwafar amsar aikin da za a ba maki. Ku tattauna hanya, kowa ya rubuta nasa. In makarantarku na da cibiyar karatu kusa da ku, kamar yadda NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, take da su a jihohi, ku haɗu ido da ido ko sau ɗaya a wata.

TAMBAYA: Ina koyar da ɗalibai kusan tamanin ta Zoom. Kyamarori a rufe, in na yi tambaya shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. In tilasta musu buɗe kyamara?
Wani malami daga Zariya

AMSA: A'a, Malam. Wani data yake tattali, wata kuma ɗaki ɗaya take da yara. A shekarar 2000, masu bincike Garrison da Anderson da Archer na Jami'ar Alberta a Kanada sun bayyana cewa aji na intanet yana tsayawa ne a kan abu uku: ɗalibi ya ji akwai malami, ya ji akwai 'yan uwansa ɗalibai, ya kuma samu abin da zai sa shi tunani. Lacca ta awa biyu, abu na farko kaɗai take samarwa.

Bayan kowane minti 15 ku tsaya. Ku raba su zuwa ƙananan ɗakunan Zoom, mutum biyar-biyar, na minti takwas, da tambaya ɗaya tak, kuma a naɗa wanda zai kawo rahoto. In ba a naɗa ba, shirun zai bi su can. Ku riƙa kiran suna maimakon "wa zai amsa?". Idan kuna amfani da Moodle, dandalin ɗora darussa a intanet, yana nuna ranar da kowane ɗalibi ya shiga na ƙarshe. Wanda ya kwana goma bai leƙo ba, ku tura masa saƙo da sunansa.

TAMBAYA: Manhajar ƙirƙirarriyar basira ba za ta wadatar da ni daga neman abokan karatu ba?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Za ta yi maka bayani ko da tsakar dare, ta kuma shirya maka tambayoyin gwaji. Amma takan yi kuskure ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa, don haka ka riƙa gwada amsarta da littafin darasi. Kuma in ka yi mako biyu ba ka buɗe littafi ba, ba za ta buga maka waya ta ce lafiya ba.