Yaya, ga dalilin da ya sa muke kai yara iyo a nan Amurka

Salamu alaikum Yaya. Na ji saƙonka, wai mun bar gida neman abinci mun ɓige da biyan dala a koya wa yara wankan kududdufi, abin da Baba ke zane mu a kansa, sannan kana tambayar waye wannan dogon baƙin da ɗanka ya manna hotonsa a bangon ɗaki ko wani mawaƙi ne. To ba mawaƙi ba ne, ɗan iyo ne, sunansa Cullen Jones, kuma tambayoyin nan naka biyu amsarsu ɗaya ce, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Shi mutumin nan a nan Bronx ɗinmu aka haife shi a 1984, ranar 29 ga Fabrairu ma, daga baya iyayensa suka tsallaka New Jersey ya tashi a wani gari Irvington. Yana ɗan shekara 5 suka kai shi wurin wasan ruwa na Dorney Park a Pennsylvania, irin wurin da ake hawa sama a zauna kan tayar roba a sulalo ƙasa, da ya iso ƙasa sai tayar ta kife da shi, ya nutse, sai da aka ciro shi a sume aka yi ta danna masa ƙirji ana hura masa iska kafin ya farfaɗo. Ka lura fa Yaya, iyayensa suna wurin, masu gadin ruwa suna wurin, kuma duk da haka saura ƙiris. Yanzu in da a gidanmu ne abin ya faru ka san hukuncin, daga ranar an yi masa iyaka da ruwa har abada, a yi sadaka a shafa fatiha. Ita uwarsa sai ta yi akasin haka, ta kai shi aka sa shi ajin koyon iyo, alhali ita kanta ba ta iya ba.

To yaron nan da ruwa ya kusa ci shi ne ya je jami'ar NC State da iyo, a 2006 ya zama zakaran jami'o'in Amurka a tseren yadi 50, a shekarar kuma a wata gasa a Victoria ta Kanada shi da wasu uku suka kafa tarihin duniya a tseren karɓa-karɓa, mutum huɗu kowa mita 100, har ake cewa shi ne baƙar fatan Amurka na farko da sunansa ya shiga tarihin duniya a iyo. Fanninsa shi ne gajeren zango na firistayil, wato iyon da ake yi ruf da ciki ana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma mita 50 ɗin nan da ya fi ƙwarewa a kai tsawon wurin iyon ne sau ɗaya tak, ba juyowa, sakan 21 da ɗoriya, kafin ka idar da Fatiha an gama an san wanda ya ci. Da yawansu ko numfashi ba sa yi daga faɗawa har taɓa bango, don ɗaga kai kaɗai yana cinye lokaci, mutum ya yi shekara huɗu yana tashi tun duhun asuba yana atisaye, ƙarshe abin da zai raba shi da lambar zinare bai kai ƙiftawar ido ba.

Abin da ya sa duk Amurka ta san shi shi ne Olamfik na Bejin a 2008. Kafin nan sai da ya sha takaici, don a nan ƙasar ba ruwansu da sunanka, ana zuwa gasar tantancewa ne, na ɗaya da na biyu a kowane tsere su ke tafiya, shi kuma ya zo na uku a mita 50 ɗinsa, sai dai ya samu gurbi a karɓa-karɓa. Ranar tseren Michael Phelps ya fara, sai Garrett Weber-Gale, sai shi Cullen na uku, Jason Lezak na ƙarshe. Faransawa su ake tsoro, har an ruwaito gwaninsu Alain Bernard yana cika baki cewa ragargaza Amurkawa suka zo yi. Kuma gaskiya ɗaya ce, ko da yake ɗanka ba ya son in faɗa, a cikin su huɗun nan Cullen ne lokacinsa ya fi yawa, a hannunsa Faransa ta wuce gaba, Lezak ya faɗa ruwa Bernard ya ba shi tazara kusan tsawon mutum, kowa ya cire rai, sai ga dattijon nan Lezak ɗan shekara 32 yana ta matsowa yana matsowa har ya riga shi taɓa bango. Lezak ya yi nasa a sakan 46.06, Amurka 3:08.24, Faransa 3:08.32. Ka nemi bidiyon ka kalla ko don ihun da Phelps ya yi a bakin ruwa, don da sun faɗi a nan da zinare 8 ɗin da ya kafa tarihi da su a Bejin ba su cika ba.

Daga nan a 2009 ya kafa tarihin Amurka a mita 50, a Landan 2012 kuma ya samu abin da ya daɗe yana nema, lamba tasa shi kaɗai, azurfa a mita 50 da sakan 21.54 bayan wani Bafaranshe Florent Manaudou. Ya ƙara azurfa a karɓa-karɓa inda Faransawan suka rama abin da aka yi musu, da zinare ɗaya a ɗayan karɓa-karɓan saboda ya yi musu zagayen share fage. Lamba huɗu ke nan a Olamfik, zinare biyu azurfa biyu. A 2016 ya sake gwadawa ya sake zuwa na uku a tantancewa, ya zauna gida, wanda ya zo na biyu a gabansa Anthony Ervin ya je Rio ya ci zinare yana ɗan shekara 35. Haka harkar take, ba tausayi a cikinta.

Amma ni ba lambobin ne suka sa na bar hotonsa a bangon ba. Ka san mu a can in an ce Amurka sai mu ɗauka kowa ya iya iyo tunda a fim kowane gida da ful, wato wurin iyo, a bayansa, to baƙaƙen ƙasar nan mafi yawansu ba su iya ba. Gidauniyar hukumar iyo ta ƙasar, USA Swimming, ta sa an yi bincike a 2017 aka samu kashi 64 cikin 100 na yaran baƙaƙe ko dai ba su iya ba sam ko kuma ɗan kaɗan ne, hukumar lafiya ta CDC kuma ta ce yaran baƙaƙe 'yan shekara 10 zuwa 14 suna mutuwa a wuraren iyo fiye da sau bakwai a kan 'ya'yan farare. Abin yana da tushe, shekara da shekaru an hana kakanninsu shiga wuraren iyo na gari, a 1964 a St. Augustine ta Florida da baƙaƙe da farare masu zanga-zanga suka shiga ful ɗin wani otal manajan asid ya ɗauko ya riƙa tuttulawa a ruwan suna ciki, da doka ta tilasta a haɗa kowa kuma wasu garuruwan suka gwammace su rufe wuraren gaba ɗaya. Kaka ba ta iya ba, ta tsorata uwa, uwa ta tsorata ɗa. A 2010 a Shreveport ta Louisiana matasa shida suka nutse a kogi rana ɗaya, wani yaro ya zame su kuma suka yi ta shiga ceto, manya na tsaye a baki suna kururuwa ba wanda ya iya ruwa a cikinsu. Shi Cullen bayan Bejin gari-gari ya riƙa bi da wani shiri na gidauniyar nan mai suna Make a Splash, yana shiga ruwa da yaran unguwanni irin tamu yana ba iyayensu labarin nutsewarsa.

Mu kuma da muka zo daga Kano da Damagaram da zangon Kumasi da Nima, a cikin unguwannin nan muka sauka, kuma tsoron da muka taho da shi bai da maraba da nasu, sai dai namu da aljanun ruwa a ciki. In ka cire Sarkawa da mutanen Argungu da Yawuri da masu zama bakin kogi, mu 'yan birni waye ya iya? Wanda ya iya a ɓoye ya koya ya sha bulala. To a gida kana iya tsare yaro, kududdufin unguwa kowa ya san inda yake kuma duk babban da ya gan shi zai kora shi. Nan ba haka ba ne. In zafi ya shigo daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba gwamnatin birnin Niyok tana buɗe wuraren iyo kyauta, kayan wanka da kwaɗon kulle akwati kawai ake nema a hannunka, ga bakin tekun Orchard Beach bas ɗaya ne, ga makaranta na kai su yawo, ga abokai, kai kana kan tasi ko kana shago awa goma sha, uwar tana wurin aiki. Yaron zai shiga ruwa ko ka yarda ko ba ka yarda ba, abin da ya rage maka kawai shi ne ya shiga ya iya ko ya shiga bai iya ba. Iya ruwa fidda kai, ai mu muka ce. Har malaminmu na masallaci ya taɓa kawo maganar nan da ake jingina wa Sayyadina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, daga nan ne ma wasu dattawan suka sassauto.

Batun tsiraici da ka kawo kuwa ba ka faɗi ƙarya ba, shi ne inda muke ta fama. Na maza da sauƙi, don tun 2010 dokar gasa ta ce kayan namiji kada ya haura cibiya kada ya gangara ƙasan gwiwa, to mu sai mu sayi mafi tsawon da doka ta yarda, daga cibiya zuwa gwiwa, duk da dai yana kama jiki. Na mata ne aiki. Ƙanana ba matsala, da uwarsu ake zuwa ta zauna a benci da hijabinta tana kallo, amma da yarinya ta fara girma sai a koma doguwar rigar iyo mai rufe hannu da ƙafa da kai, wasu matan namu kuma suna haɗa kuɗi kamar adashi su kama wani wuri na awa ɗaya ko biyu, mace ce mai koyarwa mace ce mai gadi, a rufe tagogi. Ba mu kaɗai ba ne ma, matan Yahudawa masu riƙo da addini a Brooklyn sun daɗe da lokacinsu na mata zalla a wani ful na gwamnati, har aka yi ta cacar baki a kai a 2016. Ga kuma rigimar kitso, maganin da ake zubawa a ruwan yana busar da gashi ya karya shi, matata ta fi yin mita a kan wannan fiye da komai.

Gasa kuma wani abu ne daban da koyo, kuma yawancinmu a koyo muke tsayawa. Wanda ɗansa ya shiga kulob ya shiga hidima, kuɗin wata, kuɗin rajistar kowane tsere, atisaye da sassafe kafin makaranta, Asabar da Lahadi a tafi wani gari a yini a zaune don yaro ya yi iyon da bai kai minti ɗaya ba, kuma ranakun nan su ne na Islamiyya, shi ya sa a gidana sharaɗin shi ne in gasa ta ci Asabar to Lahadi ta allo ce ba fashi. Iyaye ma ba a barinsu haka, sai a miƙo maka agogon ɗaukar lokaci a ce ka tsaya a ƙarshen layi, ni da jallabiyata ruwa na fantsamo min ina danna maɓalli. Da azumi sai mu yi magana da koci a rage nauyi ko a mayar da shi bayan shan ruwa, wasu kocin suna ganewa wasu sai a hankali. Masu cewa ai yaro zai samu sikolashif ya yi jami'a kyauta, eh ana samu, haka Cullen ya yi, haka Simone Manuel 'yar Texas ta je Stanford kuma a Rio 2016 ta zama baƙar mace ta farko daga Amurka da ta ci zinaren iyo ita kaɗai, amma kuɗin gutsuttsura shi ake yi a raba wa 'yan ƙungiya, masu samun cikakke ba su da yawa, wanda ya sa ɗansa don wannan kaɗai ina ganin zai sha mamaki.

Inda har yau ba mu daidaita a tsakaninmu ba shi ne yarinyar da ta iya sosai har koci ya ce a bar ta ta yi gasa. Akwai hanyar neman izini ta sa kaya masu rufe jiki saboda addini, wasu iyayen sun bi sun samu, wasu sun ce ko da izinin ba za su tsaya 'yarsu na tsere maza na kallo ba, kuma duka ɓangarorin sahu ɗaya muke sallah. Taka 'yar dai har yanzu a ajin koyo take, ta iya kwanciya rigingine a kan ruwa ta yi numfashi har a zo a ɗauke ta, uwarta ta ce sauran maganar sai ta tashi da Hajiya in mun zo hutu. A gaishe min da ita da yaran duka.