Hayar mota mai lantarki a Amurka: jiharka ce ke yanka farashin

Tambaya: Malam, a Atlanta nake zaune. Ƙanena da ke Denver, a jihar Kolorado, ya ɗauki Nissan Leaf haya a 2024, abin da yake biya a wata bai kai man da nake sha a mako ba. Na je wurin dila, sai ya yanka mini ninkin-ba-ninki. Cuta ta yake so ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba lallai cuta ba ce. Ƙanenka ya ci gajiyar rangwame biyu a lokaci guda. A 2024 jihar Kolorado tana ba da rangwamen haraji na dala 5,000 kan sabuwar mota mai lantarki, ta ƙara dala 2,500 idan kuɗin motar bai kai dala 35,000 ba, kuma mai haya ma yana samu matuƙar yarjejeniyar ta kai shekara 2. Ga kuma dala 7,500 ta gwamnatin tarayya, wadda kamfanin da ya ba da hayar ke karɓa ya rage wa mutum. To haya ba kuɗin mota duka kake biya ba, faɗuwar darajarta ce ta shekarun da za ka riƙe ta. Idan aka zabtare dala 15,000 daga wannan, me ya rage? Shi ya sa a shekarar aka ga dilolin Kolorado suna tallar Leaf a dala 19 a wata, mutane suka yi ca a kai, har jihar ta sha gaban Kalifoniya a wani ɓangare na shekarar wajen kason motocin lantarki da ake sayarwa.

Wannan kaka ta wuce. Rangwamen tarayya ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2025, Kolorado ma ta rage nata zuwa dala 3,500 a 2025.

Abin mamaki, garinku ne ya fara ganin irin wannan biki. Jiharku Jojiya ta taɓa ba da rangwamen dala 5,000, Leaf ta cika titunan Atlanta. A 2015 majalisar jihar ta soke rangwamen daga watan Yuli, ta ɗora kuɗin rajista na dala 200 a shekara, cinikin ya faɗi warwas cikin 'yan watanni. Don haka kar ka auna farashin Atlanta da na Denver. Ka zaga dila uku, kowa ya rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga kafin alƙalami har watan ƙarshe. Kuɗin wata-wata da ke jikin talla, da shi ake jan mutum.

Tambaya: Ina tuƙin Uber a Buronks, cikin birnin Niyok. In ɗauki haya ko in saya?

Amsa: Jihar Niyok tana da rangwamen da ake kira Drive Clean Rebate, har dala 2,000, ana cirewa tun a wurin dila, amma hayar sai ta kai wata 36. Duk da haka ban ba ka shawarar haya ba. Yawancin yarjejeniyoyi mil 10,000 zuwa 12,000 suke yarje maka a shekara, duk mil ɗin da ya haura sai ka biya, kuma da yawa sun hana ɗaukar fasinja da motar. Kai da kake kan titi safe da yamma, kafin rabin shekara ka cinye kasonka. Nemi ta hannu wadda mai haya ya mayar, domin farashin motocin lantarki yana saurin karyewa a kasuwa. Kafin ka biya, a gwada maka lafiyar baturin, kuma ka fara sanin inda za ka riƙa yin caji da dare.