Kyamarar Baba mai fim ko mai saita kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne, da muka zo rabon kayansa sai na samu wata kyamara a akwati an rubuta Pentax K1000 a jikinta, tana da nauyi sosai. Ina son in koyi ɗaukar hoto da fim amma abokina ya ce tsohon yayi ce, wai in sayar in nemi Canon ko Nikon mai otofokus wadda ita ma fim take ci. Wacce ta fi Malam? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ƙanina don Allah kar ka sayar da kyamarar nan tukuna, ka saurare ni.

K1000 ta fito a 1976 kuma sai 1997 aka daina ƙera ta, shekara 21 kenan ana buga abu ɗaya, kuma makarantun koyon hoto a Amurka da Turai da ita suka dinga koyar da ɗalibai. Cikinta sifirin ne da ƙananan haƙoran ƙarfe kamar agogon da ake murɗawa da hannu. In ka ja ɗan hannun nan na sama da babban yatsanka fim ka tura gaba kuma ka ɗana shota a lokaci guda, in ka danna sai labulen ciki ya buɗe ya rufe, daga daƙiƙa 1 har zuwa kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, duk ba ruwanta da batir. Ɗan batirin LR44 da ke ƙasanta allurar mitar haske kawai yake motsawa, ko ya mutu kyamara na aiki. Amma ka riƙa rufe mata murfin gaba in ka gama, don mitar ba ta da makunni, in dai tana ganin haske to batir take sha.

Su kuma masu saita kansu, wato masu otofokus, Konica C35 AF ce ta fara shiga kasuwa a 1977, amma wadda ta girgiza harkar ita ce Minolta 7000 a 1985, sai Canon ta biyo da EOS 650 a 1987. Waɗannan biyun na ƙarshe da ƙananan injina masu batir suke aiki, kyamarar da kanta ke juya gilashin gaba, wato abin da masu hoto ke cewa lens, har hoto ya fito tar, ita ke jan fim, ta karanta ƙarfin fim ɗin da kanta daga jikin gwangwaninsa, in ya ƙare ta naɗe maka. Kuma gaskiya ba zan zalunce su ba, abokinka yana da hujja. Ka je wajen suna ko hawan sallah yara na guje-guje doki na sukuwa, kafin ka gama murɗa fokus da hannu abin ya wuce, ita kuwa ka ɗan taɓa maɓalli ta kama. Mitarsu ma ta fi wayo, kuma sau da yawa sun fi araha yanzu saboda kowa na bin masu jikin ƙarfe.

To ina matsalar? Ranar da batir ya mutu ko ƙyas ba za ta yi ba. EOS 650 batirin 2CR5 take ci, wasu CR123A, ba irin wanda za ka samu a teburin mai shago na unguwa ba ne. Sannan wanda ya fi damuna, in fanel ɗin ciki ya ƙone ko ɗan allon rubutun sama ya yi baƙi, kamfani ya daɗe da daina yin kayan gyaransu, sai dai a samo wata matacciya a ciro. Ta Baba kuwa yawanci abin da ke damunta mai ne ya bushe ko datti, mai gyaran da ya san aikinsa zai kwance ya wanke ya sa mai ta koma aiki.

Wani abu da mutane ba sa lura, kyawun hoto ba daga jikin kyamara yake ba. Ka sa fim iri ɗaya da gilashi mai kyau a duka biyun ka saita daidai, wallahi da ƙyar wani ya bambance maka. Jikin akwati ne mai hana haske shiga, bambancin kawai waye ke yin lissafin, kai ko ita. Kai kuma ka ce koyo kake so, to wadda za ta tilasta maka yin lissafin da kanka ita za ka riƙe.

Kafin ka sa fim, buɗe bayanta ka shafa baƙin soson da ke gefen ƙofa, in ya manne maka a yatsa kamar kwalta to ya ruɓe, haske zai shiga ya yi maka jan tabo a hotuna, a canza shi, ba tsada. Cire gilashin ka haska da tocilan waya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce. Ka gwada shota a daƙiƙa 1 ka saurara ko tana laƙewa. Ƙurar hunturu kuma kar ka goge ta da gefen riga, hure ta za ka fara yi. Fim ba ya son zafi, kar ka bar shi a mota da rana. Kuma tun kafin ka kashe kuɗi ka binciki inda za a wanke maka, don yanzu wannan ya fi samun kyamarar wuya.

Tambaya: Malam ni aikin biki nake yi da Canon dijital, in na sayi mai fim gilasaina za su shiga? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya in gilasanki masu bakin EF ne, wato irin bakin da ake ɗaura su a jikin kyamara, za su hau kowace EOS mai fim har otofokus ya yi aiki, amma EF-S ba za su shiga ba, haka tsofaffin Canon irin AE-1 bakinsu daban ne, FD ake ce masa. Ke kam mai saita kanta ce ta dace da aikinki, amarya ba za ta tsaya jiranki ba kuma hoto 36 kawai gare ki a fim guda. Ki dai tambayi irin batirin da take ci kafin ki biya, ki sayi biyu ki ajiye ɗaya a jaka.