Shirye-shiryen Roosevelt sun kai ga mata, amma galibi ta hannun miji

Malama, kin tambaya ko shirye-shiryen da gwamnatin Amurka ta ɓullo da su bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 sun amfani mata, ko maza kaɗai suka ci moriya. Na daɗe ina koyar da wannan babi a ajin tarihi, kuma abin da na fahimta shi ne an gina tsarin ne a kan magidanci. Matar da ke ƙarƙashin miji ta samu sauƙi. Wadda ke ciyar da kanta da 'ya'yanta ita ta sha wuya.

Tun kafin Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933 aka fara. Dokar tsuke bakin aljihu ta 1932 ta ce in mata da miji duk suna aikin gwamnatin tarayya, to da ɗayansu za a fara in an tashi rage ma'aikata. Ba a ambaci mace ba, amma tunda albashin miji ya fi tsoka, matar ce ke ajiye aiki. Sai 1937 aka soke wannan sashe.

Shirin CCC, na samar wa matasa aikin kare muhalli, ya ɗauki samari kusan miliyan 3 suna dashen itatuwa da gyaran hanyoyi, ana biyan su dala 30 a wata, su aika 25 gida. Ba a ɗaukar mata. Sai da Eleanor, matar shugaban, ta matsa kafin a buɗe wa 'yan mata nasu sansanonin, kuma waɗanda suka shiga ba su wuce kimanin 8,500 ba.

Da WPA, hukumar samar wa marasa aiki aikin yi, ta zo a 1935, mutum ɗaya ake ɗauka a kowane gida, kuma mai gida ake nufi. Mace sai ta nuna mijinta ya rasu, ko ya gudu, ko ba ya iya aiki. Wannan na ci mini rai, don na taɓa taimakawa wajen rabon tallafi a unguwarmu, na ga yadda jerin sunayen magidanta ke tsallake bazawara da marayunta. Matan da suka samu shiga WPA, yawancinsu ɗakunan ɗinki aka tura su. Duk da haka kada a raina aikin: sun ɗinka tufafin da aka raba wa talakawa, sun dafa wa yara abinci a makarantu, a tsaunukan Kentucky kuma mata ne ke hawa doki da alfadari suna kai littattafai ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne manyan dokokin. Frances Perkins, mace ta farko da ta zama minista a Amurka, ita ta jagoranci tsara dokar fansho da inshorar rashin aiki ta 1935. Dokar ƙwadago ta 1938 kuma ta sa mafi ƙarancin lada santi 25 a awa, mace da namiji daidai, kuma matan masaƙu sun ga canji na gaske. Amma dokokin biyu duk sun cire masu aikatau a gidaje da ma'aikatan gona, alhali a waɗannan ayyuka biyu mafi yawan baƙaƙen mata ke neman abinci. A kudancin ƙasar har akan sallame su daga aikin tallafi in lokacin tsinkar auduga ya yi, don masu gonaki su samu hannu da araha. Mary McLeod Bethune, wata malama baƙar fata, ta yi ta fafutuka daga cikin hukumar matasa ta NYA, ta samar wa matasa baƙar fata karatu da sana'a, amma ofishi ɗaya bai isa ya toshe wannan giɓi ba.

A 1939 aka gyara dokar fansho, matar ma'aikaci da wadda mijinta ya rasu suka fara karɓa, nan ma albarkacin miji. Masu aikatau kuwa ba su fara shiga tsarin ba sai 1950.